Wai Kyauta Ce: Makin Jirgi, Kujerar Alfarma da Tafiyar Amarci

 Yau wata magana ce na kawo mana wadda ta taso a cikin gidanmu a nan Sakkwato, har ta kusa ɓata zumunci ana saura mako uku ɗaurin aure. Da farko na ɗauka maganar 'yan boko ce da masu hannu da shuni, ba ta shafi irinmu ba. Amma da na zauna na yi ta juya ta a raina, sai na ga tambayar da ke cikinta ta shafi kowace matar aure, ko da kuwa ba ta taɓa taka matakalar jirgi ba. Tambayar ita ce: abin da ya zo hannunki ba tare da kin kwance bakin zane kin biya ba, shin kina da damar kashe shi yadda kika ga dama?

'Yar ƙanena ce za a aurar. Angon yaro ne mai hankali, yana aiki da wata ƙungiya da ke yawan tura shi taro a ƙasashen waje, yau yana Nairobi gobe yana Alƙahira. A cikin shekara shida yana wannan zirga-zirga ya tara abin da ake kira makin tafiya, wato ladan da kamfanin jirgin sama ke rubuta wa fasinja duk lokacin da ya hau jirginsa, in ya taru a ba shi tikiti da shi. Sai ya yi wa amaryarsa alkawari cewa bayan biki za su tafi Umra, su biya ta Istanbul su huta kwana huɗu, kuma a kujerun gaba za su zauna, waɗanda 'yan boko ke kira bizines, inda kujera ke miƙewa ta koma gado.

Uwar amarya ce ta fara zuwa wurina, hankalinta a tashe. Ta ce, "Yaya, wanga al'amari bai kwanta min ba. Uwatai na nan Mabera, tsohuwa da ciwon gwiwa, ba ta taɓa ganin Ka'aba ba. Shi ko ya kwashi ɗiyata su tai su kwanta gaban jirgi awa sarakuna. Mi dangin miji za su ce? Ba za su ga laifinai ba, cewa za su yi ita tas sa shi."

Gaskiya ne tsohuwar ta daɗe tana tara kuɗin hajji, sai dai kuɗin kujera ya fi ta gudu. A 2023 kujera ba ta cika naira miliyan 3 ba a nan arewa, a 2025 kuwa ta haura miliyan 8.

Na aika aka kira yarinyar. Ta zo ta durƙusa, kanta a sunkuye, amma maganarta a tsaye. Ta ce, "Gwaggo, wallahi ko sisi ba zai kashe ba. Maki na, kamfanin jirgi yab ba shi kyauta. In ba a yi amfani da shi ba ƙonewa zai yi. Kuma sau guda ɗai ake amarci."

Hujja uku ke nan ta jero mini a numfashi ɗaya, kuma babu wadda za a ce ta banza ce. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wai kyauta ce

Wannan tsari na maki ya shahara ne tun daga watan Mayun 1981, lokacin da kamfanin American Airlines na Amurka ya fito da nasa mai suna AAdvantage, shekara uku bayan gwamnatin ƙasar ta sakar wa kamfanonin jirage mara su yi gasa a kan farashi. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Waɗanda matafiyanmu suka fi sani su ne Alfursan na Saudia, da ShebaMiles na jirgin Habasha, da Skywards na Emirates, da Privilege Club na Qatar Airways, da Miles&Smiles na jirgin Turkiyya. Dabarar ɗaya ce: a ɗaure fasinja da kamfani guda, ta yadda ko wani ya fi araha zai ce a'a, bari in hau nawa in ƙara maki.

Duk wadda ta taɓa sayen tumatir a Tsohuwar Kasuwa ta san gyara. Mai tumatir ba don yana ƙaunarki ya ƙara miki biyu ba, ya riga ya sa kuɗinsu a cikin kashin da kika saya, kuma yana son gobe ki dawo wurinsa. Makin jirgi gyara ce ta manya. An biya kuɗinsa tun ranar da aka sayi tikiti.

In kuma ana son a san ko dukiya ce, a dubi abin da ya faru lokacin annobar korona, sa'ad da jirage suka daina tashi. A 2020 kamfanin United ya ci bashin dala biliyan 6.8, kamfanin Delta ya ci na dala biliyan 9, a 2021 kuma American Airlines ya ci na dala biliyan 10, kuma abin da dukkansu suka ba da jingina shi ne wannan tsari nasu na maki. Masu ba da bashi ba sa karɓar iska a matsayin jingina. Abin da za a iya musanya shi da tikitin miliyoyin naira dukiya ne, ko da ba a iya ƙirga shi da yatsu.

To me ya sa bakinmu ke saurin cewa kyauta ce? Domin kalmar tana kwantar da wani mai gadi da ke cikin zuciya. Idan mutum zai fitar da kuɗi daga aljihu, wannan mai gadi yakan tashi ya tambaye shi: ka tabbata? Babu abin da ya fi wannan muhimmanci? Amma da zarar an ce masa kyauta ce, sai ya koma barci. Da angon nan kuɗi zai ƙirga ya sayi kujerun gaba guda biyu alhali mahaifiyarsa na tara na hajji, na san shi, hannunsa ba zai iya ba. Sunan abin kawai aka canza, sai hannun ya iya. Alhali hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya sanar da mu cewa tambaya biyu za a yi wa bawa a kan dukiyarsa ranar hisabi, ta inda ya same ta da ta inda ya kashe ta, kuma ba a ware wadda ta zo a sauƙaƙe ba.

Makin na wane ne?

Tunda mun yarda dukiya ce, dole a fara da tambayar farko, wato ta inda aka same ta. A nan ne na kira angon da kansa. Na ce masa, "Ɗana, tafiye-tafiyen nan da ka tara maki da su, wa ya biya kuɗin tikitin?" Ya ce ofis. Na ce, "To gyaran ta wa ce, ta wanda ya ba da kuɗin cefane ko ta yaron da aka aika?" Ya yi shiru, sannan ya ce bai taɓa kawo wannan a ransa ba, domin kowa a wurin aikinsu haka yake yi.

Ba shi kaɗai ne bai kawo ba, kuma ba ƙaramar magana ba ce. A Jamus a 2002 an yi babban abin kunya da aka gano wasu 'yan majalisa suna amfani da makin da suka tara a tafiyar aiki wajen tafiye-tafiyen kansu, har wani fitaccen ɗan siyasa, Gregor Gysi, ya ajiye muƙaminsa na mai kula da tattalin arzikin birnin Berlin. A 2006 babbar kotun ƙwadago ta ƙasar ta yanke hukunci cewa mai aiki yana da ikon neman ma'aikacinsa ya yi amfani da irin wannan maki a kan aikin ofis, tunda shi ya biya. Amurka kuwa ta bi wata hanyar: a ƙarshen 2001 ta yi dokar da ta bar wa ma'aikatan gwamnatin tarayya makinsu. Kun ga ke nan ko a can ba a taru a kan amsa ɗaya ba, sai dai an taru a kan cewa magana ce da sai an nemi izini.

Mu kuwa muna da labarin Ibnul Lutbiyya a cikin Bukhari da Muslim. Manzon Allah (SAW) ya aike shi karɓo zakka, da ya dawo sai ya ware wani kashi ya ce wannan shi aka ba kyauta. Annabi (SAW) ya hau mimbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko wani zai kawo masa kyautar. Ma'aunin a fili yake: abin da aiki ya jawo maka, ba naka ba ne sai mai aikin ya yarje. Malaman da na tuntuɓa a nan gari sun ce mini idan ofis ya san da makin kuma ya bar wa ma'aikaci, a rubuce ko a bisa al'adar da kowa ya sani, to ya halatta. Inda suka ja kunne shi ne ma'aikaci ya riƙa zaɓar jirgi mai tsada ko doguwar hanya da kuɗin ofis don makinsa ya ƙaru. Wannan cin amana ne, ko da babu mai binciken kuɗi da zai taɓa ganowa.

'Yan'uwa, wannan gaɓar ta shafe mu kai tsaye. Mu ne muke cin abin da mazajenmu suka shigo da shi, mu ne muke shayar da 'ya'ya da shi. Ba rashin kunya ba ne mace ta tambayi mijinta cikin ladabi, "Maigida, wannan daga ina?" Amaryar da aka fara ɗauka a kan abin da ba a tantance ba, an koya mata tun ranar farko cewa a gidan nan ba a tambaya.

Angon ya rubuta wa ofishinsu takarda. Suka amsa masa cewa makin nasa ne, tunda su ne suke zaɓar jirgi su sayi tikiti, ba shi ba. Alhamdu lillahi, wannan ƙofa ta rufe. Sai dai halaccin abu shi ne farkon magana, saura yadda za a kashe shi.

Wai zai ƙone

Hujja ta biyu tana da ƙarfi, kuma ba zan rage mata ba. Maki ba kamar zinare ba ne da za a ajiye a ƙasan adaka. A wasu kamfanonin yana da wa'adi, na Emirates alal misali wajen shekara uku ne. Kamfani na iya wayar gari ya ƙara yawan makin da ake buƙata, abin da zai kai ki Jidda bana ya kasa kai ki baɗi. Kujerun da ake warewa don masu maki kaɗan ne, musamman a lokacin azumi da hutu. Kuma mun ga yadda Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a ƙasar nan, waɗanda suka haura dala miliyan 800 a 2023, bai dawo Legas ba sai a watan Oktoban 2024. Wanda ya tara makinsa a can ya yi kusan shekara biyu yana kallonsa a waya. Bugu da ƙari, ƙa'idar yawancin kamfanonin ta hana sayar da shi. Ba za a kai shi kasuwa a auno shinkafa a raba wa marayu ba.

Saboda haka yarinyar ta yi gaskiya da ta ce ajiye shi asara ce. Inda ta kuskure shi ne ɗaukar cewa hanya biyu ce kawai, ko kujerar alfarma ko ƙonewa. Kusan duk kamfanonin nan sun yarda mai maki ya yanka wa wani tikiti da shi. A lissafin da angon ya nuna mini a wayarsa, kujerar gaba ɗaya tana cin kusan makin kujerun baya biyu. Wato abin da ke hannunsa zai iya zama kujerun gaba biyu, ko na baya huɗu, ko na baya biyu da ta gaba ɗaya. Da zarar an faɗi haka, sai a ga akwai mutum a ɗaya gefen sikelin, kuma mutumin nan yana da suna da fuska da ciwon gwiwa.

Sannan maganar ko sisi ba za a kashe ba, ita ma ba ta tsaya ba. Tikitin maki ba ya ɗauke haraji da kuɗin da kamfani ke ɗorawa a kai, kuma a wasu kamfanonin na kujerar gaba ya fi yawa, ga shi da kuɗin waje ake lissafa shi, alhali kowa ya san inda naira ta kwana tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku sai an fara biyan kuɗin jirgi zuwa Abuja, ko a kama hanyar mota ta fiye da kilomita 500 zuwa Kano ta Gusau da Funtuwa, hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Ga biza, ga masauki. Wanda kuwa ya sauka daga kujerar alfarma da wuya zuciyarsa ta bar shi ya kama ƙaramin ɗaki nesa da Harami. Kujera takan kira otal, otal ya kira sutura, sutura ta kira tsaraba. Tuwon girma miyarsa nama, in ji Hausawa.

Sau ɗaya ake amarci

A nan ne zan tsaya wa yarinyar, domin na ga wasu daga cikin danginmu sun wuce gona da iri, suna magana kamar jin daɗi kansa zunubi ne. Ba haka addininmu ya ce ba. Suratul A'araf a aya ta 31 ta hana ɓarna, aya ta 32 da ke biye da ita kuma ta yi inkari ga masu haramta ƙawa da daɗaɗan abubuwan da Allah ya fitar wa bayinsa. Suratuɗ Ɗalaƙ ta umurci mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa. Sunna ta ware wa amarya budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku, tun kafin mu ji kalmar hanimun a bakin 'ya'yanmu. Miji ya faranta wa sabuwar matarsa rai ibada ce. Kuma babu malamin da ya ce mini wajibi ne a kan ɗa ya kai mahaifiyarsa Umra kafin ya yi tafiya da matarsa. A mazhabarmu ta Malikiyya Umra sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa ga wanda ya samu iko.

Haka nan masu cewa to a tafi da tsohuwar mana, su uku, ban goyi bayansu ba. Amarya tana da haƙƙin ta keɓe da mijinta su san juna. Mu da muka yi amarci a cikin gidan gandu, da surukai a zaure da facaloli a tsakar gida, mun san abin da muka rasa, bai kamata mu yi wa 'ya'yanmu baƙin cikin samunsa ba.

Amma a duba da kyau, mene ne amarcin ke buƙata? Yana buƙatar su biyun, da lokaci, da natsuwa. Tafiyar ta ba da wannan, Umrar ta ba da wannan, kwana huɗun Istanbul sun ba da wannan. Abin da kujerar gaba ta ƙara shi ne 'yan awoyi na miƙe ƙafa da abinci a faranti mai kyau, ga yara biyu masu ƙuruciya da lafiya, waɗanda ko a kan buhun gero aka zaunar da su hira za su yi ta yi har a sauka. Ni'ima ɗaya ce, amma nauyinta ya bambanta gwargwadon wanda aka ba. Ga mai shekara 23 kujerar nan marmari ce. Ga mai shekara 68 da gwiwa ba ta lanƙwasuwa, ita ce bambancin isa Makka da ƙafafunta da isa a keken guragu. Suratul Furƙan a aya ta 67 ta yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro, kuma a fahimtata wannan tsakiyar ba adadi ba ce da za a rubuta wa kowa, sanya abu ne a inda ya fi amfani.

Akwai kuma abin da na gaya wa uwar amarya a keɓe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, aure ma haka. Abin da aka fara da shi yakan zama mudun da za a riƙa auna sauran shekaru. Makin shekara shida ne za a ƙone a tafiya ɗaya, ba zai sake taruwa ba sai bayan wasu shekarun, in ma aikin ya ɗore. Tafiya ta biyu a baya za a zauna. Idan yarinya ta ɗauki ta farkon a matsayin matsayinta, ta biyun za ta zame mata faɗuwa, alhali babu abin da mijin ya rage ta da shi.

Labule da hoto

Na yi mata tambaya ta ƙarshe, wadda ita ce ta sa ta kuka. Na ce, "Ɗiyata, da za a ce ku shiga kujerun nan amma a karɓe wayoyinku a bakin ƙofa, babu hoto, kuma ba za ki gaya wa kowa ba har abada, za ki so su kamar yadda kike son su yanzu?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Daga baya ta ce ƙawayenta biyu sun yi, sun sa hotunan a Instagram, ita ma ta riga ta faɗa musu.

Ban ga laifinta ba, domin ni ma na san wannan ciwo. Duk wadda ta taɓa shiga babban jirgi ta san yadda ake bi da mu ta tsakiyar kujerun gaba kafin mu kai namu, muna jan jaka muna satar kallo, sannan in an tashi a ja labule. Ba a banza aka tsara haka ba. Rabin abin da ake sayarwa a gaban jirgi hutu ne, rabin kuma shi ne sanin cewa akwai waɗanda ke bayan labule. Rabin farko halal ne tsantsa. Rabi na biyu shi ne abin tsoro. A hadisin Muslim, da wani ya tambaya ko son kyakkyawar tufa da takalmi girman kai ne, Annabi (SAW) ya nuna masa ba shi ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Don haka kujerar ba ta da laifi, abin dubawa shi ne da wane ido mai zama a kanta yake kallon masu wucewa.

Mu mutanen Sakkwato ba baƙin wannan gargaɗi ba ne. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar runduna ya nufi gabas saboda ganin yadda son muƙami da ado da tara abin duniya ya fara shiga zukatan jama'a, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam kafin ya dawo. A zamaninmu kuma, ƙididdigar talauci ta fannoni da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta sa jiharmu a kan gaba, da kusan mutum 91 cikin 100. A farkon 2023 Majalisar Dokokin Jiha ta amince da ƙudurin rage almubazzaranci a bukukuwan aure da suna, saboda yadda gasa ta sa aure ya gagari 'ya'yan talakawa. Doka tana iya ƙirga akwatunan lefe, amma ba za ta iya shiga waya ta hana hoto ba. Hoton nan kuwa yana sauka ne a hannun yarinyar da ubanta ya kasa yi mata gado da katifa, da saurayin da zai ƙara jin cewa aure ba na irinsa ba ne.

Yadda ta kaya

Ban yanke musu hukunci ba, domin ba dukiyata ba ce. Na dai ce su je su yi shawara su biyu, su ɗauka kuɗi ne tsaba a gabansu, su tambayi kansu me za su yi da shi.

Bayan kwana biyu yarinyar ta dawo ta ce sun yanke: su biyu za su zauna a baya, tafiyarsu tana nan yadda aka tsara, ragowar makin kuma a yanka wa Inna kujerar gaba ta tafi Umra bayan sun dawo. 'Yan'uwan angon suka yi karo-karo suka biya wa ƙanwarsu ta raka ta.

Ba zan ce muku komai ya tafi sumul ba. Ta gaya mini da bakinta cewa da suka bi ta cikin kujerun nan sai da idonta ya cika da ƙwalla, kuma ɗaya daga cikin ƙawayen nata ta yi mata dariya. A cikin dangin mijin ma an samu wadda ta ce ai don neman suna ta yi. Bakin mutane ba ya rufuwa, wadda ta yi don su ta yi asara ko ta wace hanya ta bi. Ita kuwa tsohuwar, 'yarta ta ba mu labarin cewa rabin tafiyar a zaune ta yi shi ƙiƙam tana jan carbi, tana tsoron taɓa maɓallan kada ta ɓata wa mutane kaya, sai da ma'aikaciyar jirgin ta zo ta kwantar mata da kujerar. Ta yi ɗawafinta da ƙafafunta.

Da sun zaɓi ɗaya hanyar, ba zan ce sun yi haramun ba, kuma ina roƙon 'yan'uwa kada mu mai da wannan labari sandar dukan wasu. Wata amaryar surukarta ta je Makka sau biyar, wata kuma ita ce mai larurar da ke buƙatar kujerar. Abin da nake ƙi shi ne a kashe abu ba tare da an auna shi ba, don kawai an laƙaba masa suna kyauta.

Kowace a cikinmu tana da nata makin, ko da ba ta san hanyar filin jirgi ba. Canjin cefane da maigida bai tambaya ba, motar ofis da ake kai mu unguwa da ita, buhun tallafi da ya biyo ta hannun mijinmu don a raba, abincin biki da muke cika kula da shi alhali almajirai na bakin ƙofa, har da lokacin da Allah ya ba mu bayan yara sun tafi makaranta. Duk muna ce musu ai ba saye muka yi ba. Aya ta ƙarshe a Suratut Takasur ta gaya mana za a yi tambaya a kan ni'ima, kuma mafi yawan ni'imomin da ke hannunmu ba mu biya ko kwabo a kansu ba.

Allah ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, ya tsarkake abin da mazajenmu ke shigo mana da shi, ya kai waɗanda ba su je ba ɗakinsa mai alfarma.